Al'ada ko Lamiri: Ina Tushen Kirki Yake?

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wane mutumin kirki ne, ya gama yabo, ba sauran kirarin da zai ƙara masa. Idan kuwa ya ce wane ba shi da kirki, to, ko da dukiya ko da sarauta, ya fid da shi daga sahun mutane. Kowa yana amfani da wannan kalma ba tare da ya tsaya neman ma'anarta ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne inda shi kirkin ya samo asali. Shin jama'a ce take yanka wa mutum abin da ke mai kyau da abin da ke mummuna, kamar yadda take ba shi harshe da suna da sutura? Ko kuwa akwai wani alƙali a ƙirjin kowane ɗan Adam, wanda ke rarrabe daidai da karkace ko da duk gari sun saɓa masa?

Wannan tambaya ta daɗe tana wahalar da masana, tun daga Girkawan zamanin da har zuwa malaman Musulunci da manazarta zaman jama'a na yau. Amsar da aka ba ta kuwa ita ke nuna wanda za a kama da laifi in an yi ɓarna. In al'ada ce tushe, to, wanda ya bi abin da ya tarar ana yi ba shi da laifi, ko da abin zalunci ne. In kuwa lamirin mutum ne tushe, to, kowa na iya tashi ya ce zuciyarsa ta ba shi, ya rushe abin da jama'a ta daɗe tana ginawa. Kowace amsa da irin nata haɗarin. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, al'ada ce ke renon lamiri, amma in ya girma shi ke gyara ta, kuma da kayan aikin da ita ta ba shi yake yin gyaran.

Ma'anar Kalmomi

Ya kamata a fara daidaita kalmomi, domin rabin gardama daga nan take tasowa. Kalmar al'ada aro ce daga Larabci, saiwarta kuwa tana nufin komowa, watau abin da ake yi a sake yi har ya zama jiki. Ɗabi'a ma daga can ta zo, amma ma'anarta ta asali ita ce halitta, abin da aka haifi mutum da shi. Ɗa'a kuwa biyayya ce. Tun daga nan ana iya ganin harshen da kansa ya rabu biyu, wata kalma tana nuna waje, wata tana nuna ciki. A harsunan Turai ma, sunayen da ake kiran ilmin kyawawan halaye da su sun fito ne daga kalmomin Latin da Girkanci masu ma'anar al'ada.

Lamiri kuwa shi ne abin da ke ɓoye a cikin zuci. Asalinsa kalmar Larabci ce mai farawa da harafin da almajirai ke kira lodi, wanda Hausawa suke furtawa kamar lam, yadda aka yi a alƙali da larura da lamuni. Masu nahawu suna kiran wakilin suna da wannan kalma, irin su shi da ita da su, saboda suna ɓoye sunan wanda ake magana a kai. A wannan bayani, lamiri na nufin wannan ji na ciki da ke hana mutum barci in ya ci amana, ko da babu wanda ya gan shi.

A 1974 aka buga wata lacca da A.H.M. Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe. Wannan Bature, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa sa'an nan ya koyar a Zariya, ya jera halaye 10 da ya ga Hausawa na auna kirki da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya dubi jerin da kyau zai ga ba iri ɗaya ba ne. Kunya da ladabi da karamci a gaban mutane ake yin su, mutane ne kuma suke shaida. Gaskiya da amana kuwa ba a sanin ingancinsu sai a inda ido ba ya kaiwa. Ashe tambayar da ake yi tana nan kwance a cikin ma'aunin Bahaushe da kansa.

Masu Cewa Al'ada ce Tushe

Tsohuwar hujjar wannan ɓangare tana cikin tarihin da Herodotus ya rubuta a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ba da labarin Dariyus, Sarkin Farisa, wanda ya tara Girkawan fadarsa ya tambaye su nawa za a biya su su ci gawar iyayensu. Suka ce babu dukiyar da za ta sa su yi haka. Sai ya kira wata ƙabila ta ƙasar Hindu, waɗanda al'adarsu ita ce cin gawar iyaye, ya tambaye su nawa za a biya su su ƙone gawar kamar yadda Girkawa ke yi. Suka yi kururuwa suka roƙe shi ya bar wannan mummunar magana. Abin da marubucin ya fahimta shi ne, kowace al'umma in aka ba ta zaɓi, tata al'adar za ta ɗauka a kan ita ce mafificiya.

Ba sai an je Farisa ba. A ƙasar Hausa uwa takan ƙi faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ana kuma yaba mata a ce tana da kunya. Baƙon da bai san wannan ba zai ɗauka ba ta son yaron ne. Yaro ya kafe babba da ido yana magana, Bahaushe zai ce ba shi da kunya, alhali a wurare da yawa na Turai wanda ya sunkuyar da kai shi ake zargi da ɓoye wani abu. Aiki ɗaya ke nan, hukunci biyu.

Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa abin da mutum ya saba da shi shi ke gina shi, har sabo ya maye gurbin halitta. Emile Durkheim na Faransa, wanda ya rasu a 1917, ya tafi nesa da haka. A ganinsa muryar da mutum ke ji a ciki tana tsawata masa muryar jama'a ce ta shige shi tun yana ƙarami, har ya manta daga waje ta zo. Karin maganar Hausa ma cike take da wannan ra'ayi. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, an kuma ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Har akwai mai ba da shawarar in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemo ka ɗaura.

Wannan ra'ayi yana da gaskiya babba. Babu jaririn da aka haifa ya san haƙƙin maƙwabci ko girman suruki. A ɗakin uwa, da dandalin tatsuniya, da gaban malamin allo ake koyon su. Ra'ayin ya kuma yi amfani wajen karya girman kan 'yan mulkin mallaka, waɗanda suka zo da zaton duk al'adar da ba tasu ba dabbanci ce.

Inda Wannan Hujja ta Gaza

Sai dai akwai wurare da hujjar take ɗingishi. Na farko, bambancin da ake gani sau da yawa a sama yake. Bagirken da ya ƙone gawar ubansa da Bahinden da ya ci ta, abu ɗaya suke nufi, watau girmama mahaifi, shi ya sa kowannensu ya firgita da aka ce ya yi abin da yake gani wulaƙanci ne. Hanya ce ta bambanta, manufa ba ta bambanta ba. A 2019 wasu masana na Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Oliver Scott Curry, sun bincika rubuce-rubucen da aka tara a kan al'ummomi 60 na sassan duniya. Sun sami halaye 7 da ba su ga al'ummar da ta ɗauke su munana ba: taimakon dangi, taimakon jama'a, rama alheri, jarunta, girmama na gaba, raba abu bisa adalci, da kiyaye dukiyar wani. Da al'ada ce kaɗai ke ƙaga kirki yadda ta ga dama, da wuya a sami irin wannan daidaito tsakanin mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba.

Na biyu, in al'ada ce ma'auni na ƙarshe, to, babu halin a ce wata al'umma ta ci gaba ko ta gyaru, sai dai a ce ta sake. Shekaru aru-aru ana sayar da bayi a kasuwannin ƙasar Hausa kamar yadda ake yi a wurare da yawa na duniya, mai saye da mai sayarwa duk mutanen kirki ne a idon zamaninsu. Dokar 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayan watan Maris na shekarar, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Yau babu mai hankalin da zai ce bambancin jiya da yau kamar bambancin rawani da hula ne. Kowa ya san an bar abu mummuna ne. Wanda ya yarda da haka kuwa ya riga ya yarda akwai wani ma'auni da ake ɗora al'ada a kansa.

Na uku shi ne maganar alhaki. A shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946, inda aka gurfanar da manyan gwamnatin Hitler, ƙa'idar kotun ta tanadi cewa bin umurnin na gaba ba ya wanke mai laifi. Ma'anar wannan ita ce, ana sa ran mutum ya gane zalunci ko da dokar ƙasarsa da shugabanninsa da maƙwabtansa duk sun ce halal ne.

Masu Cewa Lamiri ne Tushe

Hujjar ɗaya ɓangaren ita ce mutanen da suka tsaya su kaɗai. A zamanin Jahiliyya wasu ƙabilun Larabawa suna binne 'ya'ya mata da rai, don tsoron talauci ko abin kunya. Tun kafin zuwan Musulunci, Zaidu ɗan Amru ɗan Nufailu yakan karɓi yarinya daga hannun ubanta ya ɗauki nauyin renonta, Sa'asa'atu ɗan Najiya kuma, kakan mawaƙi Farazdaƙ, yakan fanshe su da raƙumansa. Babu dokar da ta umurce su, al'adar wurin kuwa ba ta ganin laifin uban. Daga ina suka san abin ba daidai ba ne?

Socrates na birnin Atina yakan ce akwai wata murya da ke tsai da shi duk lokacin da zai yi abin da bai dace ba. Lokacin da wasu azzalumai 30 suka riƙe mulkin birnin, sun aike shi tare da mutum 4 su kamo wani mutum don a kashe shi. Sauran suka tafi, shi ya kama hanyar gida. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa aka yanke masa hukuncin kisa bisa zargin ɓata samari da ƙin allolin gari, bai kuwa yarda ya sayi ransa da alkawarin yin shiru ba.

A nan gida akwai misalin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Wajen 1807, jihadi na tsakiyar cin nasara, ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan jama'arsu. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, sai mutanen Kano suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da su, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a. Wannan ya fi tsayawa gaban abokin gaba wuya, domin mutanensa ne ya juya wa baya, a lokacin da kowa ke murna.

Ɗaliban zaure sun san hadisi na 27 cikin Arba'una na Imamu Nawawi, inda aka ba da alamar gane zunubi da rashin natsuwar zuciya a kansa, aka kuma umurci wani sahabi ya nemi fatawar zuciyarsa ko da mutane sun ba shi tasu. Immanuel Kant na Jamus ya zo a 1785 da wani ma'auni da hankalin kowa zai iya amfani da shi: kafin mutum ya aikata abu, ya tambayi kansa ko zai so ya zama doka ga kowa da kowa. Maƙaryaci ba zai so haka ba, domin in kowa na ƙarya babu mai yarda da tasa. Bahaushe ma ya san da wannan alƙali na ciki, shi ya sa ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ya kuma ce marar gaskiya ko a ruwa gumi yake yi.

Raunin Lamiri

Amma fa ita zuciyar da ake cewa a tambaya, fuska biyu gare ta, harshen Hausa kuwa bai ɓoye wannan ba. Ana cewa zuciyata ba ta ba ni ba, ana kuma cewa son zuciya, da bin zuciya, da wane ya yi zuciya. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da alƙali da ɓarawo. Mutum na iya jin natsuwa cikakkiya alhali a kan ɓata yake. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, da mabiyansa ba su yi shakkar gaskiyarsu ba, sun yi watsi da malamai da hukuma da jama'ar gari gaba ɗaya. Tarzomar da suka tayar a Kano a watan Disamba na 1980 ta ci rayuka fiye da 4,000. Sakankancewa ba shaidar gaskiya ba ce.

Sa'an nan lamiri rago ne a gaban mai iko. Daga 1961 Stanley Milgram na Jami'ar Yale ya yi wani gwaji da ya shahara. Yakan sa mutum gaban wata na'ura, a ce masa ya jona wa wani ɗalibi lantarki duk lokacin da ya yi kuskure, ƙarfin wutar kuma yana ƙaruwa daga bolt 15 har zuwa 450. Wutar ta ƙarya ce, ɗalibin ma da bakinsa, amma wanda ake gwadawa bai sani ba. Cikin mutum 40 na gwajin da aka buga a 1963, 26 sun kai har maƙura, don kawai wani mai rigar malanta yana ce musu su ci gaba. Da yawansu suna gumi suna rawar jiki, watau lamirin yana magana, amma bai iya tsai da hannu ba. Duk da haka mutum 14 sun ƙi ƙarasawa, su ma kada a manta da su.

Bayan haka, ko lamirin manyan mutane ba ya cika wuce katangar zamaninsu da nisa. Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa a 1615 ya rushe da'awar masu cewa baƙar fata dalili ce ta bautar da mutum, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen da bai halatta a kama mutanensu ba. Wannan jarunta ce a zamaninsa. Amma ita kanta bautar bai ce a soke ta ba, kamar yadda kusan duk masanan duniya na lokacin ba su ce ba. Ya hango abin da jama'arsa ba su hango ba, amma daga tudun da suka gina ya yi hangen.

Yadda Biyun Suke Aiki Tare

Hanyar warware wannan ƙulli ita ce a dubi yadda yaro ke girma. Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya buga bincikensa a kan haka a 1932. Yakan ba yara labarin yaro biyu: ɗaya ya fasa kofi 15 bisa tsautsayi yana buɗe ƙofa, ɗaya ya fasa kofi guda yana ƙoƙarin ɗaukar abin zaƙi a ɓoye. Ƙananan yara sukan ce na farko ya fi laifi, don ɓarnarsa ta fi yawa. Waɗanda suka doshi shekara 10 kuwa niyya suke dubawa. Watau yaro yana farawa da doka daga waje, sa'an nan a hankali ya gane dalilinta. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya yi irin wannan bayani a Ihya'u, inda ya nuna zuciyar yaro tana karɓar duk abin da aka zana mata, kuma bayyanar kunya gare shi alama ce ta fitowar hasken hankali, wadda ya kamata mai tarbiyya ya yi amfani da ita.

Tarbiyyar Bahaushe haka take tafiya. Da farko ana ce wa yaro bari, mutane za su gan ka. Wannan kunyar ido ce. In tarbiyya ta yi kyau, sai a wayi gari ya bar abin ko a cikin duhu, ya zama yana jin kunyar kansa da ta Mahaliccinsa. In ba ta yi kyau ba, sai ya tsaya a matakin farko, ya zama mai aikin ganin ido, wanda Hausawa ke bambanta shi da mai yi tsakani da Allah. Shi wancan hadisi na 27 ma ya haɗa alamomin biyu wuri ɗaya, domin bayan rashin natsuwar zuciya ya ambaci ƙin mutane su gani.

Masu gyara ma ba daga sama suke saukowa da ma'auninsu ba. Socrates ya ƙi gudu daga kurkuku da abokansa suka shirya masa hanya, hujjarsa kuwa ita ce dokokin birnin su suka rene shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci suna karantar da na waje, ya soki jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Hujjojinsa duka daga littattafan da su malaman ke karantawa ya ɗebo su. Abin da ya yi shi ne ya nuna wa jama'a cewa aikinsu ya saɓa wa abin da bakinsu ke faɗi. Da gyaran ya kama, sai 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da matan karkara, abin da ya faro daga lamirin mutum ɗaya ya zama al'adar jama'a. Amma al'ada takan komo kamar yadda sunanta ya nuna. Jangalin da Shehu ya soka ya dawo, Turawa suka tarar da shi suka riƙe, har jihohin Kano da Kaduna suka sanar da soke shi da haraji a 1979.

Shari'a ma ta san da wannan tsari. Malaman Malikiyya suna karɓar al'adar gari su yi hukunci da ita muddin ba ta saɓa wa nassi ba. Kotunan Nijeriya suna zartar da dokar gargajiya in ba ta ci karo da adalci da tsarin mulki ba, shi ya sa a 2014 Kotun Ƙoli ta rushe wata al'ada da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta. A duka biyun an ba al'ada girmanta, an kuma ajiye abin auna ta.

Zumunci da Amana

Inda wannan magana ta fi ciwo a yau shi ne ofis. Mutum ya sami muƙami, kafin ya zauna 'yan'uwa da 'yan unguwa sun cika zaure, wannan na neman aiki, wancan na neman kwangila. In ya ba su daga abin da aka ba shi tsaro, za a ce mai zumunci ne. In ya hana, za a ce ya ci shi kaɗai, a tuna masa cewa in ka sami rana ka yi shanya. A nan sai a ga kamar al'ada da lamiri sun yi hannun riga.

Amma in an lura, al'ada ce ta rabu biyu. Zumuncin da kakanni suka yaba daga rumbun mutum yake fitowa, hatsin da ya noma da hannunsa yake ɗiba ya ba ɗan'uwa. Baitulmali kuwa rumbun wasu ne aka ba shi mabuɗi. Hukuncin ajiya a wajen Bahaushe sananne ne, da shi fatake suka yi ƙarni suna cinikin goro tsakanin Kano da Gwanja. Abner Cohen, wanda ya buga bincikensa a kan Hausawan Sabo ta Ibadan a 1969, ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ta hannun masu masauki, ba takarda ba sa hannu, sai amana da tsoron zubewar mutunci. Saboda haka ma'aikacin da ya ƙi taɓa kuɗin jama'a bai bar al'adar gidansu ya ari ta Bature ba. Ya auna halaye biyu da duka a gida ya koye su, ya gane wanda ya dace da wurin. Wannan aunawa ita ce aikin lamiri.

Akwai kuma inda biyun suke haɗuwa har a kasa raba su. A watan Yuni na 2018 mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato. Limamin Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai fiye da shekara 80, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa, ya fito ya tsaya gaban masu makamai ya ƙi ba da su. Abin da ya kare tsohon abu ne, watau haƙƙin maƙwabci da alfarmar wanda ya nemi mafaka. Mutane da yawa sun ji wannan karatu tun suna yara. A ranar da aka zo da bindiga, sai da aka sami mutum ɗaya da ya yanke a ransa zai tsaya a kai.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa masu ra'ayin farko sun yi daidai game da inda mutum ke koyon kirki, masu ra'ayi na biyu kuma sun yi daidai game da wanda ke ɗauke da alhakinsa. Al'ummar da ta yi sakaci da tarbiyya kada ta sa ran samun masu lamiri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wadda kuma ta tsaya ga koyar da biyayya kawai, ba ta bayyana wa yaro dalilin hani ba, za ta sami mutane masu ladabi waɗanda duk wanda ya riƙe sanda zai kora su inda ya so.

Ga wanda ya sami kansa tsakanin abin da aka saba da abin da zuciyarsa ke raya masa, akwai tambayoyin da za su taimake shi. Ya duba ko abin da zuciyar ke kira gare shi riba zai jawo masa ko asara, domin son zuciya ba ya cika kiran mutum zuwa ga asara. Ya duba ko zai yarda a yi masa abin da yake shirin yi wa wani. Ya duba ko zai iya faɗin hujjarsa a gaban masana da dattawa, ya kuma saurari tasu. Ita ma al'adar a tambaye ta wa take karewa, wa kuma take dannewa. In mai rauni take karewa, a riƙe ta da hannu biyu ko da baƙi sun yi dariya. In kuwa mai ƙarfi take ba damar cin mai rauni, daɗewarta ba hujja ba ce, kuma wanda ya fara cewa a bari ya shirya jin zagi kafin a gode masa.